RUWAN SHA A DAURA: BA A FAFE GORA RANAR TAFIYA

Duk wanda ya san tarihin Daura ya san labarin rijiyar Kusugu, wadda aka ce maciji ya tare ta har mutanen gari ba su samun ɗibar ruwa sai ranar Juma'a. Abin lura a cikin wannan labari shi ne, garin da ya dogara ga mashaya ɗaya, abu kaɗan ke jefa shi cikin ƙishirwa.

A yau al'amura sun sake. Akwai madatsun ruwa na Sabke da Daberam a wannan yanki, ga rijiyoyin burtsatse, ga kuma Hukumar Ruwa ta Jihar Katsina da ke kula da famfo. Amma samun madatsa daban, samun shirin ko-ta-kwana daban. Tambayar da ta kamata hukuma ta amsa tun yanzu ita ce, idan famfo ya ɗauke mako guda, ina mutanen Daura da Mai'aduwa da Zango da Sandamu da Baure za su sha?

Haɗari na farko shi ne fari. Masarautar tana kan iyaka da Jamhuriyar Nijar, inda damina ba ta da tsawo. Dattawa ba su manta da farin 1973 ba, ko na 1984, lokacin da rijiyoyi suka ƙafe, dabbobi suka yi ta mutuwa.

Na biyu shi ne ambaliya. A watan Yuli na 2018 ruwa ya ci mutum fiye da 40 a Jibiya. Madatsar Bagauda ta Kano ta ɓalle a 1988, ta Alau kuma ta mamaye Maiduguri a watan Satumba na 2024. A garuruwanmu yawancin gidaje masai ake haƙawa, sau da yawa kusa da rijiya. Da zarar kwata ta toshe, ruwa ya kwanta, sai ƙazanta ta tsiyaya cikin ruwan sha, daga nan sai amai da gudawa. A 2021 cutar kwalara ta kashe mutum fiye da 3,000 a Nijeriya, Jihar Katsina kuwa tana cikin waɗanda abin ya fi shafa.

Na uku shi ne ɗaukewar wutar lantarki. A watan Oktoba na 2024 yawancin jihohin Arewa sun yi fiye da mako guda cikin duhu. Injin tura ruwa kuwa ba ya aiki sai da wuta, don haka ko madatsa na cike, bututu a bushe yake.

To, mene ne abin yi? Da farko, lalle ne kowace tashar ruwa ta kasance da injin ajiya da mai, ko na'ura mai aiki da hasken rana, tare da kayan gyara da maganin tace ruwa na makonni. Sa'an nan a rubuta sunayen wuraren da za a fara kai wa ruwa da tanka: asibiti, makarantun kwana, kasuwa da tashar mota. A kuma yashe magudanu tun kafin ruwan farko ya sauka.

Wannan aiki ya fi ƙarfin ma'aikatan ruwa kaɗai. Hakimai da dagatai da masu unguwanni su ne suka san kowace rijiya da kowane kududdufi, su ne kuma jama'a ke saurara idan aka yi shela cewa a tafasa ruwa. Haka nan 'yan ga-ruwa, waɗanda su ke shayar da gari ranar da famfo ya tsaya, ya kamata a san inda suke ɗiba, a riƙa zuba magani a wurin. Hukumar ba da agajin gaggawa ta jiha da ma'aikatan lafiya su zauna da waɗannan duka, kowa ya san aikinsa, a kuma riƙa gwada shirin sau ɗaya a shekara kafin damina.

Kuɗin da wannan tanadi zai ci bai kai na jinyar unguwa guda ba, balle ran da ba a saye da kuɗi. Allah ya kiyashe mu.