Mu ƙaru da sani: Ɗan dutsen da ke ƙidayar lokaci cikin agogo

 A wannan wata za mu yi magana bisa agogo mai pil, wanda da yawa cikinmu suke ɗaurawa ga hannu ko su rataya ga bango. In kun duba fuskarsa da kyau, sau da yawa za ku ga wata kalma da ƙananan baƙaƙe: QUARTZ. Wasu suna tsammani sunan kamfani ne. A'a, sunan dutse ne, kuma ɗan guntun dutsen nan shi ke riƙe da lokaci cikin agogon. Wanda ya san halinsa zai gane ranar da ya kamata ya kai agogo wajen mai gyara, da ranar da kai shi ɓarnar kuɗi ce kawai.

Wane dutse ne?

Dutsen kwarts ba baƙo ba ne gare mu. Mafi yawan rairayin da muke takawa ɓarɓashinsa ne. Farar tsakuwa mai ƙyalli da ake tsinta cikin gulbi bayan ruwa ya janye, ita ma shi ce. Ƙanƙarar da kakanninmu suke ƙyasta wuta da ita danginsa ce. Amma wanda ake sa ma agogo tilas ya zama garau, ba datti, ba tsaga. A da, daga ƙasar Barazil ake haƙo mafi kyawonsa. Daga shekarun 1950 anka fara yin shi a masana'anta, cikin manyan tukwanen ƙarfe masu zafi ƙwarai da matsi mai ƙarfi. Yau kusan duk wanda ke cikin agogo na masana'anta ne.

A shekara ta 1880 wasu masana biyu na ƙasar Faransa, Jak Kuri da ƙanensa Piyer Kuri, sunka gane wani hali na dutsen nan. In an matse shi, sai ya fid da ɗan kuran, watau wutar lantarki. Da shekara ta kewayo sunka tabbatar da cewa in an ba shi kuran, shi kuma sai ya motsa, ya ɗan lanƙwashe. Abin nan biyu su ne tushen aikin duka.

Yadda yake aiki

Ku tuna da tsirkiyar gurmi. In an taɓa ta tana karkarwa, kuma muryarta ɗaya ce kullum, in dai tsawonta da ɗaurinta ba su sake ba. Dutsen kwarts haka yake. Ana yanka shi siriri, da baki biyu kamar gwafa, a rufe shi cikin ɗan kwanon ƙarfe wanda bai fi ƙwarar shinkafa girma sosai ba, a zuƙe iskar da ke ciki. Pil ya ba shi kuran, sai ya yi karkarwa. Karkarwar ta fid da nata kuran, na'urar agogo ta ƙara masa ƙarfi ta mayar ma dutsen. Haka abin ke kewayawa dare da rana.

Girman yankan shi ke sa yawan karkarwa. Na agogo an yanka shi don ya kaɗa sau 32,768 cikin sakan guda. Me ya sa wannan adadi? Na farko, ya wuce abin da kunnen mutum ke ji, don haka agogo ba ya damunmu da ƙara. Na biyu, ba ya cin pil da yawa. Na uku, yana rabuwa biyu biyu ba saura. Ku ɗauki alƙalami ku gwada: rabin 32,768 shi ne 16,384, rabin wannan 8,192, sai 4,096, sai 2,048, sai 1,024. Ku ci gaba. In kun raba sau 15 za ku iske 1.

Aikin da na'urar agogo ke yi ke nan. Tana raba karkarwar biyu biyu har sau 15, sai ta fid da bugu ɗaya tak kowane sakan. Bugun nan shi ke tura hannun agogo, ko ya sake lambar da ke bisa gilashi. Kwana guda yana da sakan 86,400. Ke nan daga safiyar yau zuwa safiyar gobe ɗan dutsen zai kaɗa fiye da sau miliyan 2,800.

Agogon da ake murɗawa, irin na iyayenmu, ƴar ƙafar da ke lilo cikinsa sau 5 zuwa 8 take bugawa cikin sakan. Motsin hannu da ƙura da bushewar mai duk suna taɓa ta, shi ya sa yakan yi kuskuren sakan da dama a kwana guda. Agogon kwarts na kasuwa, mai kyau, kuskurensa wajen sakan 15 ne a wata.

Daga ɗakin bincike zuwa kasuwa

Wani Ba'amurke, Walta Kedi, shi ya fara haɗa na'urar da ke sa kwarts karkarwa ba tsayawa, a 1921. A 1927 Waran Marisan da abokin aikinsa sunka ƙera agogon kwarts na farko a ɗakin bincike na kamfanin Bell a Amurka. Ƙato ne, ba mai ɗaura shi ga hannu. Sai ran 25 ga Disamba 1969 kamfanin Seiko na ƙasar Japan ya fid da na hannu na farko a kasuwa, mai suna Astron. Kuɗinsa yen 450,000, kuɗin ƙaramar mota a lokacin. Ba a daɗe ba ya yi araha. Ƙasar Suwis, wadda ta yi suna wajen agogon murɗawa, ta ji a jikinta: a 1970 mutum wajen 90,000 ke aikin agogo can, kafin ƙarshen shekarun 1980 sun koma wajen 30,000.

Ba agogo kaɗai ke da dutsen nan ba. Gidajen radiyo sun daɗe suna aiki da shi don kowace tasha ta tsaya bisa layinta, kada ta shiga na maƙwabciya. Yana cikin salula, yana cikin kwamfuta da talabijin. Duk na'urar da ke bukatar yin aiki bisa ƙa'idar lokaci, da wuya a rasa shi cikinta.

Zafi da sanyi

Ga abin da ya fi shafarmu nan ƙasar. An yanka dutsen agogo don ya yi daidai a digiri 25 na ma'aunin zafi. In zafi ya haura nan, karkarwar tana raguwa. In sanyi ya sauka ƙasa da nan, ita ma raguwa take yi. Ke nan zafi da sanyi duka baya suke ja da agogo.

Mu yi lissafi. Agogon da ya zauna cikin digiri 45, irin zafin bazara cikin ɗakin kwano, zai rasa sakan 1 da ɗan kai a kwana, fiye da rabin minti a wata. A digiri 10, irin sanyin asubar ɗari, abin da zai rasa bai kai sakan 1 a kwana ba. Amma wanda anka bari gaban mota cikin rana, inda zafi ke kai digiri 65, zai rasa kusan sakan 5 a kwana in ya daɗe haka. Na hannu ya fi na bango sauƙi, don jikin mutum yana riƙe shi cikin zafi kusan iri ɗaya.

To, agogon da ya yi baya da minti 1 ko 2 bayan wata uku ko huɗu, lafiyarsa lau. Ku daidaita shi da kanku. Salular da ke karɓar lokaci daga gidan waya ta isa ma'auni, don can ana daidaita lokaci da agogon da ya fi kwarts ƙwarewa, wanda ake kira agogon atom.

Amma in agogo yana rasa mintoci a kwana guda, ko yana tsayawa yana tashi, wannan ba aikin zafi ba ne. Ku fara da pil, wanda yakan yi shekara 2 zuwa 3. Wasu agogon suna ba da sanarwa da kansu: hannun sakan sai ya riƙa tsalle biyu biyu. In an sake pil abin bai daina ba, to ƙura ce ko ruwa ya shiga, ko kuwa faɗuwa ta tsaga dutsen. Nan ne mai gyara ke da aiki.

Shawarwari

Kada ku ajiye agogo cikin rana ko kusa da murhu. Kada ku aza mai hannu bisa bakin radiyo inda murya ke fitowa, don maganaɗisun da ke ciki yana iya tsai da shi. In pil ya mutu ku sa a cire shi da wuri, kafin ya zubo da ruwa ya ci ƙarfe. Tsohon pil kuma ku nisanta shi da yara, don haɗiye shi yana ƙona maƙogwaro. In hakan ta faru, a kai yaro likita nan take, kada a jira.

Masu karatu da ke da tambaya bisa wata na'ura su rubuto mana. Sai wata mai zuwa.