Allon Farashi a Waya, da Maganar Ajaminmu

Tun Disamba 2018 WordPress ta sauya yadda ake gina shafi a intanet. Yanzu tubali-tubali ake yi: rubutu daban, hoto daban, jadawali daban, ka ɗaga wannan ka sauke wancan kamar jera buhuna a rumfa. Na gwada, kuma a ganina ya dace da mu. In gero ya motsa a Shuwarin, ka gyara tubalinsa kaɗai, na Gujungu yana nan yadda yake.

Amma fa a yi hattara. Tubali yana karɓar gyara shiru, mai karatu ba ya ganin inda aka kankare. Dillali na iya sauya kuɗin tiya bayan an sallama, ya ce haka yake tun safe. Saboda haka kowane farashi ya zo da kasuwarsa da ranarsa da ma'auninsa, tiya ce ko buhu, sabon hatsi ne ko tsoho. Kai mai saye, ɗauki hoton allon kafin a yi lodi.

Sai ajami. Mu Warshu muka karanta: fa ɗigonta a ƙasa, ƙaf ɗigo guda a sama, ga imala. Akwai zubin haruffa mai suna Alkalami da SIL ta fitar a 2017 bisa hannun Kano. In ba a ɗora shi a shafin ba, wayar abokin cinikinka sai ta mai da rubutun irin na gabas, wani harafin ma ya fito akwati. Kafin yaranmu su ƙware, rubuta da tawada, ɗauki hoto, saka a tubalin hoto. Haza wassalam.