Ba Kowane Jan Hanci Ne Na Mashayi Ba



A bana mun zaɓi mu yi magana a kan wata cutar fata da likitoci ke kira rozasiya. Fuska take kamawa: kumatu, hanci, goshi da haɓa su yi ja, su riƙa raɗaɗi kamar an shafa barkono, ƙananan jijiyoyin jini su fito fili, wani lokaci ƙuraje su biyo baya. Idan ta daɗe, musamman ga maza, fatar hanci sai ta yi kauri ta kumbura. An fi ganin ta a tsakanin Turawa masu hasken fata, amma mu ma ba mu tsira ba. Jan ne kawai ba ya fitowa sosai a baƙar fata, sai a ɗauka ƙurajen balaga ne suka ƙi tafiya.

To mene ne haɗinta da giya da taba? A 2017 masu bincike a jami'ar Brown ta Amurka sun fitar da sakamakon bin diddigin mata ma'aikatan jinya sama da 82,000 daga 1991 zuwa 2005. Kusan 5,000 sun kamu da cutar, kuma an ga cewa masu shan giya sun fi kamuwa, haɗarin yana hawa gwargwadon yawan shan. Ba abin mamaki ba ne, domin giya tana buɗe jijiyoyin jinin fuska.

Maganar taba ce ta zo da ruɗani. A cikin waɗannan matan, masu shan sigari a lokacin sun fi ƙarancin kamuwa, waɗanda suka sha suka daina kuwa haɗarinsu ya ɗan ƙaru. Mun san akwai samarin da za su ji wannan su ce, “Ka ji ko? Ashe magani ce!” Don Allah a tsaya. Abin da masana suka fi zato shi ne sinadarin nikotin yana matse jijiyoyin jini, sai jan ya ɓuya. Wannan matsewar kuma ita ce take wahalar da zuciya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba tana kashe sama da mutum miliyan 7 kowace shekara. Wa zai ba da huhunsa da zuciyarsa don kumatunsa su yi kyau? Ai an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Kuma a lura, wanda bai taɓa sha ba bai shiga wannan lissafin na masu dainawa ba tun farko. Ɗaliban da ke laɓewa suna zuƙar shisha, wai ita ruwa ya tace ta, da ku ma muke.

Amma abin da ya fi damun mu wani ne daban. Turawa sun daɗe suna kiran kumburarren hancin nan “hancin mashayi”, kuma irin wannan zaton ba baƙo ba ne a unguwanninmu. Dattijo ya shigo masallaci da jan ido da kumburarren hanci, sai a fara ƙus-ƙus a bayan sahu. Alhali cutar tana kama wanda ko warin giya bai sani ba. Gado yana cikin sababinta, sannan zafin rana, shayi mai tururi, yaji da ɓacin rai duk suna tayar da ita. Wa cikinmu ya rabu da waɗannan? Binciken ya ce giya tana ƙara haɗari, bai ce duk mai cutar mashayi ne ba. Mu da aka karantar da mu nauyin zato da ƙazafi tun muna ajin farko, bai kamata a same mu muna karanta zunubin mutum a hancinsa ba. Irin wannan gulma tana iya ɓata aure, ta hana bawan Allah shiga mutane, har ya ji kunyar zuwa asibiti.

Ga ƴan'uwanmu mata kuma, akwai mayukan bilicin da ake sayarwa a kasuwa masu ɗauke da sinadarin sitiroyid. Yawan shafa su a fuska yana jawo ja da ƙuraje masu kama da rozasiya, kuma idan aka daina farat ɗaya sai abin ya ƙara tashi. Wadda ta ga haka ta nufi likitan fata, kada ta koma wurin mai shago ya ƙara mata wani man. Ita rozasiya ba ta warkewa gaba ɗaya, amma akwai na shafawa irin su metronidazol da ƙwayoyi irin su doksisaikilin da likita ke rubutawa su kwantar da ita, tare da malafa ko laima idan za a shiga rana.