Sauya rediyon mota da hannunka

Duk wanda ya saba bin hanyar Tanut zuwa Balbeji ya san ƙurar Damargu ba ta barin kasat ko faifai su yi tsawon rai. Shi ya sa da yawa ke cire rediyon da mota ta zo da shi, su sa mai karɓar kati.

Aikin bai fi ƙarfin mai mota ba. A fara kwance kan batir mai alamar (–). Baƙar waya ta jikin ƙarfen mota ce. Rawaya na kawo wuta dare da rana. Ja kuwa sai an murɗa makulli. Ni kaina na taɓa haɗe ja da rawaya don gaggawa. Rediyo ya kwana yana shan wuta, gari ya waye batir ya mutu, kasuwa ta ci ba da ni ba.

Masu manyan motocin ɗaukar gero, a yi hattara: wutarku volt 24 ce, rediyon kanti na 12. In babu na'urar rage wuta, nan take zai ƙone. Kuma kafin a biya kuɗi, a tambaya ko yana kama gajeren zango, don galibin sababbin ba su da shi.