A Bugo Mana Kwabon Ajiya

'Yan'uwa mazauna Ikko da Badun, cikin 'ya'yanku nawa ne suka taɓa riƙe kwabo 25 na 1973, mai hoton gyaɗa? Sulalla sun ɓace a kasuwa, har waɗanda Babban Banki ya fitar a 2007 ba mai karɓa.

To, akwai kwabon da ba na kashewa ba. Akan goge hatimi da ƙarfen sarai, a buga sau biyu ko fiye, fili ya zama madubi, hoto kuwa kamar an barbaɗa masa gari. Ingila ta daɗe tana sayar da irinsa. Lalle kamfaninmu na buga kuɗi, wanda aka kafa a 1963, ya bugo namu, a sayar a tashar jirgin ƙasa ta Idu, matafiyi ya kai wa yaransa tsaraba.