Ruwa da shara a filin wasa: Darasi daga Ƙofar Mata zuwa Gagarawa

Duk wanda ya taɓa tsayawa a filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata a Kano bayan an tashi daga wasan Kano Pillars, ya san abin da 'yan kallo kan bari a baya: ledojin fiya wata birjik, da robobin lemo, da ɓawon gyaɗa da na rake. Haka abin yake a ƙananan filayen Gagarawa da Gumel da Maigatari da Sule Tankarkar ranar wasan ƙarshe na gasar matasa. Bambancin kawai na yawa ne.

Filin Ƙofar Mata ba ƙaramin wuri ba ne. Ya karɓi wasannin Kofin Duniya na matasa a 1999, da Kofin Afirka a 2000, da Kofin Duniya na 'yan ƙasa da shekara 17 a 2009. Saboda haka duk abin da aka gyara a can, ƙananan filaye za su kwaikwaya.

Lissafin mai sauƙi ne. Idan mutum 10,000 suka shiga kallo, kowa ya sha leda biyu, an samu leda 20,000 a yammaci guda. Iska ta kwashe wasu, saura su toshe magudanan ruwa, damina ta zo a yi ta kukan ambaliya. A karkara kuwa, inda dabbobi ke kiwo a gefen fili, ledar cikin tunkiya da saniya take ƙarewa. Mahauta da masu kai dabbobi kasuwar Maigatari ranar Alhamis sun san yadda leda ke ramar da dabba har ta kashe ta.

Ɓangaren ruwa ma haka ne. Cikakken filin ƙwallo yana da tsawon mita 105 da faɗin mita 68, wato murabba'in mita 7,140. Idan za a yi wa ciyawarsa ban-ruwa na milimita 5 kacal a rana, ana buƙatar lita 35,700, daidai da jarka 1,428 mai cin lita 25. A yankin da damina ba ta wuce wata uku zuwa huɗu, kuma mata da yara ke bin layi a bakin famfon tuƙa-tuƙa, wannan ba ruwan da za a ɗebo daga rijiyar burtsatse a watsa wa ciyawa ba ne.

Mafita ta farko tana sama. Rumfar 'yan kallo mai faɗin murabba'in mita 1,000, idan aka yi ruwan sama na milimita 500 a shekara, za ta iya tara kusan lita 500,000. Indararo da tanki kawai ake buƙata. Filin Mercedes-Benz da ke Atlanta a Amurka, wanda aka buɗe a 2017, yana da tankin tara ruwan sama mai cin fiye da lita miliyan 2. Hikimar ba baƙuwa ba ce. Ita ce ta tara randa a ƙarƙashin indararo, girma kawai aka ƙara mata.

Ta biyu ita ce ruwan alwala. Wasannin nan tsakanin La'asar da Magariba ake yin su, dubban mutane kuma na alwala a harabar fili. Ruwa ne marar sabulu, wanda da ɗan bututu za a karkatar da shi gindin bishiyoyin maina, a samu inuwa da kariya daga iska.

Ta uku ita ce shara. Wasu za su ce a hana sayar da fiya wata a fili gaba ɗaya. Wannan kuskure ne, domin da shi talakawa da dama ke ci, kuma ɗan kallo a zafin Afrilu dole ya sha ruwa. Abin da ya fi shi ne a ajiye buhuna a kowace ƙofa, a ware leda da roba daban, a ba 'yan bola jari izinin shiga su kwashe da zarar an tashi. Abin da ke da mai saye ba ya kwana a ƙasa.

Sauran aikin na 'yan kallo ne. A Qatar a 2022, bayan Japan ta doke Jamus da ci 2 da 1, magoya bayanta sun tsaya sun tsince sharar wurin zamansu. Al'ummar da ke cewa tsafta cikon addini ce ba ta da uzurin gazawa a nan.

Ya rage ga hukumomin wasanni, da REMASAB a Kano, da JISEPA a Jigawa, da shugabannin ƙananan hukumomin masarautar Gumel, su sanya tanki da indararo da wurin tara shara cikin kowace kwangilar gina fili ko gyara shi tun daga farko. Kulob-kulob na matasan Gagarawa kuwa ba sai sun jira kowa ba. Buhu biyar da minti goma bayan busa usur na ƙarshe sun isa a fara. Da sanyin safiya ake kama fara.