RUFA-IDO BA KARAMA BA NE

Ya 'yan'uwa Musulmi, har yaushe za a riƙa cin dukiyarmu da yagaggiyar takarda? Mutum ya tsaya a bakin kasuwa, ya kekketa takarda, ya dunƙule ta a hannu, ya yi tofi, ya warware, sai ga ta garau. Nan take a ɗau kabbara, a ce an ga waliyyi, a miƙa sadaka.

To, ga asirin. Takardun biyu ne iri ɗaya. Tun daga gida yake ninke ɗaya, ya manna ta a bayan wadda zai yaga. Idan ya dunƙule, sai ya juya ƙullin, lafiyayyar ta dawo gaba, gutsattsarin su ɓuya a bayanta. Tofi da surkulle kuwa, aikinsu ɗauke idonka daga yatsunsa.

Wannan tsohuwar dabara ce. A 1584, a Ingila, Reginald Scot ya tona yadda ake yin irinta da zare. Tun kafinsa, Ibn Kasir ya kawo saurin hannu cikin nau'o'in sihiri a tafsirinsa.

Mai wasa da ya ce dabara yake yi bai yi maka ƙarya ba. Wanda ya kira ta karama kuwa, ya ci dukiyarka da zalunci, ya kuma taɓa aƙidarka. Ka yaga takardar da hannunka, ka riƙe gutsattsarin, sannan ka ce ya haɗa. Wallahi ba zai iya ba.

Allah Ya tsare mana imaninmu, amin.